Abincin Indiya a Bata da Kuɗin Tara

'Yan makaranta, kun sha ganin jaruman finafinan Indiya suna yagar burodin nan mai faɗi da suke kira naan, har yawunku ya tsinke. To, kada ku ƙarar da kuɗin tararku a gidan abinci mai tsada. A Indiya da Pakistan, a jikin tukunyar ƙasa mai suna tandur ake gasa shi. Gurasarmu kuwa a tanderu. Ɗanjuma ne da Ɗanjummai!

Bayan isha'i, ku leƙa Bata tare da yayanku, ku sayi gurasa da tsire. Mai shayi ya haɗa muku na madara da citta da kanumfari, irin nasu. Ku tambayi farashi kafin a yanka, ku koma gida da wuri. Gobe akwai makaranta.