Wa Ke Zaɓa Mana Abin Da Muke Gani A Fuskar Waya?

Jama'a, tara bayanai daban, nuna su daban. Duk malamin makaranta ya san haka. Rajistar aji tana ɗauke da sunan yaro, shekarunsa, makinsa da kwanakin da ya yi fashi, amma a katin sakamako abu kaɗan muke zaɓa, mu jera shi yadda uba zai gane. Wanda ya tsara katin nan shi ya yanke abin da iyaye za su sani.

Haka lamarin yake a intanet. A 1999 ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da RDF, hanyar rubuta bayani gida uku: abu, sifarsa, da amsarta. Misali: Ghana, babban birninta, Accra. Kwamfuta tana jin daɗin wannan, amma ɗan Adam in ya ga dubunnan irin waɗannan layuka kansa juyawa zai yi.

Shi ya sa wasu masana, cikinsu har da Emmanuel Pietriga da Chris Bizer da David Karger, suka ƙirƙiro Fresnel, suka gabatar da shi a wani taron masana a 2006. Sun ara sunan ne daga Augustin Fresnel, Bafaranshen da ya ƙera gilashin fitilar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Tsarin kashi biyu ne. Na farko kamar tabarau yake: shi ke cewa a nuna wannan, a ɓoye wancan, a fara da kaza. Na biyu ado ne: wannan a fito da shi hoto, wancan a yi masa kanu, wancan kuma ya zama mahaɗin da za a latsa.

A ganina sun yi daidai da suka raba bayani da tufarsa. Amfanin kuwa namu ne. Tun da bayanin guda ne, Bature ya sa tabaransa, mu ma mu sa namu.

To amma wa zai ƙera mana? A Wikidata, rumbun da aka buɗe a 2012, Ghana lamba ce kawai: Q117. Mutane ne ke liƙa mata suna a kowane harshe. In ba a sa na Hausa ba, Turanci zai fito maka, ko lambar tsirara. A 2021 an zaɓi Hausa da Dagbani cikin harsuna biyar da za a ba fifiko a aikin kalmomi na Wikidata. Ƙofa a buɗe take ke nan.

Wani zai ce ai kowa na jin Turanci a makaranta. Kakarka fa? Mai sayar da goro a kasuwa fa? Sannan tsarin nuni nagari dole ya san ɓ da ɗ da ƙ, ya kuma san ajami daga dama yake tafiya zuwa hagu. Wanda bai san da mu ba, ba zai tanadar mana wannan ba, ko da ba shi da mugun nufi.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai: mu buɗe Wikidata, kowa ya sa sunayen Hausa goma a mako, garuruwa, abinci, sana'o'i. Masu ilimin kwamfuta cikin yaranmu kuma su shiga inda ake tsara ƙa'idojin, su faɗi buƙatarmu tun ba a kulle zance ba. In aka gama ɗinki ba a auna ka ba, haka za ka sa rigar, ko ta matse ka.