Yawa Kaɗai Ba Ya Tsare Gaskiya

Da yawa daga cikinmu, idan aka ce dimokuraɗiyya, sai mu ɗauka jefa ƙuri'a ce kurum, wanda ya fi yawan jama'a ya yi abin da ya ga dama. A ganina wannan fahimta tana da haɗari, kuma tarihin Girkawan dā ya ishe mu shaida.

Kalmar kanta ta Girkanci ce, ma'anarta mulkin jama'a. An kafa wannan tsari a birnin Atina wajen shekara ta 508 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Mazan gari su ke taruwa su yanke shawara da kansu, ban da mata da bayi da baƙi. To, amma a shekara ta 399, mutum wajen 500 suka zauna shari'a, masu rinjaye suka yanke wa malami Sukurat hukuncin kisa, wai yana ɓata samari. Aka ba shi guba ya sha.

Almajirinsa Aflatun bai manta da wannan ba. Ya kwatanta ƙasa da jirgin ruwa, wanda bai kamata a danƙa wa wanda bai san tuƙi ba don kawai ya iya baki. Shi kuwa Aristotal, almajirin Aflatun, ya lura cewa ko mutum ɗaya ke mulki, ko 'yan kaɗan, ko jama'a, mulkin kan lalace da zarar son kai ya shiga. Maganinsa shi ne doka ta hau kan kowa.

Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin Amurka a Filadalfiya a 1787, irin su James Madison, sun san wannan tarihi sarai. Saboda tsoron zaluncin masu rinjaye, sai suka bi shawarar Montesquieu na Faransa, suka raba iko uku: majalisa, shugaban ƙasa da kotu, kowanne yana taka wa ɗan'uwansa birki. Irin wannan tsari Nijeriya ta ɗauka a 1979.

Ban yarda da Aflatun ba cewa masana kaɗai ya kamata su yi mulki, domin idan suka kauce, wa zai tsawata musu? Amma gargaɗinsa yana nan: ƙuri'a a hannun jahili wuƙa ce a hannun yaro.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, nan da shekara biyu ko uku mu ma za mu isa zaɓe. Mu karanta tsarin mulkin ƙasarmu tun yanzu, mu koyi sauraren wanda ra'ayinsa ya saɓa da namu. Iyayenmu kuma ina roƙonsu su ƙarfafa mu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.