Gargaɗin da Bai Isa Kwale-kwale Ba

A watan Agustan 2025, kwale-kwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Akan ɗora laifin irin wannan hatsari kan lodi da rashin rigar ceto, amma ba a cika tambayar ta inda gargaɗi ke isa ga matuƙi ba.

A teku, na'urar NAVTEX kan kama sanarwar guguwa a kan zangon kilohaz 518. Sai da eriyar da aka ƙera domin wannan zangon take ji sosai, kuma akan kafa ta nesa da inji da wayoyin lantarki, domin hayaniyarsu na danne saƙo.

Kogin Rima ba ya buƙatar wannan na'ura. Rediyon VHF na hannu ya wadatar. Sai dai muryar VHF kusan iyakar ganin ido take tafiya, saboda haka tsawon eriya ya fi ƙarfin na'ura tasiri. Ya kamata hukumar NIWA da gwamnatin Sakkwato su kafa dogayen eriya a manyan mashigai, ta yadda hasashen NiMet da labarin sakin ruwa daga madatsar Goronyo za su riski matuƙi kafin ya bar gaɓa.