Ba man fetur ne kaɗai kuɗin hanya ba, Malam

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce mai hankali ba ya hawa jirgi daga Legas zuwa Kano hutun Sallah, wai mota ta fi araha kuma "a ga ƙasa". Wace ƙasa? Bayan tankokin mai da ke jere tsakanin Jebba da Mokwa?

Lissafinka na fetur ne kawai, shi ma kamar ba a cire tallafi a 2023 ba. Ina kuɗin masauki, tunda tafiyar ta haura kilomita 1,000 kuma ba mai son dare ya same shi a daji? Ina taya, ina bakanike? Hanyar Birnin Gwari da ka yaba, shekaru direbobi suka yi suna kauce mata saboda 'yan bindiga, suna zagayawa ta Lokoja da Abuja. Ga yara a baya sun galabaita, uwarsu na yi musu fifita da kwali, maigida na tauna goro don kada ya gyangyaɗa.

Hutun da gwamnati ke bayarwa galibi kwana 2 ne. Ka cinye shi a kan kwalta, ka isa an sauko daga Idi. Jirgi kuwa bai cika awa 2 ba daga Ikeja zuwa filin Malam Aminu Kano.

Na yarda, mai iyali bakwai tikiti zai karya shi, hazo kuma kan hana jirgi sauka. To wannan dole ce ta sa shi, kada ka kira ta dabara. Mai hali ya hau jirgi.