Wa zai ba itacen ruwa a watan Afrilu?

Wata sabuwar al'ada ta shigo makarantun sakandare na jihar Tawa, har ta samu masauki cikin ƙungiyoyin raya al'adu. Da zarar jarrabawar BEPC ko ta BAC ta ƙarato, sai a gayyato wani mai iya baki, a kafa lasifika a farfajiyar makaranta, a gaya wa yara cewa kowa na iya zama abin da ya ga dama muddin ya yarda da kansa. A yi tafi, a ɗauki hoto, a watse. Sunan wannan abu wai zaburarwa. In sakamako ya fito ba daɗi, sai a ce zaburarwar ce ba ta isa ba, a shirya taron da ya fi na bara girma.

Wannan wutar kara ce, ga haske ga ƙara, amma ba ta kai tukunya ga tafasa. Abin takaicin shi ne ana hura ta a ƙasar Adar, inda duwatsu da itatuwa suka daɗe da ƙaryata ta.

A shekarar 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, tsakanin ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE, domin a tare iskar da ke kwashe ƙasar gonaki. Dashen kansa aikin ƴan kwanaki ne a damina. Abin da ya raya layukan shi ne shekarun tsaro da suka biyo baya, ana kore awaki da raƙuma daga tsiron da bai kai gwiwa ba, a lokacin da ba mai tafi, ba mai kallo. A kwatanta da bikin 3 ga Agusta, ranar da hukuma da makarantu ke dasa itatuwa da jawabai. Ranar kowa mai kishi ne. Tambayar ita ce wa ke ɗaukar bokiti a watan Afrilu.

Haka aikin Keita, wanda aka fara a 1984, cikin tsananin fari, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO. Mafi yawan ma'aikatan mata ne, domin maza sun tafi cin rani. Su suka fasa dutse, suka ɗauke shi a ka, suka jera shi a gangaren tsaunuka don ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa. Masu son jayayya za su ce ai abincin da hukumar PAM ke rabawa ne ya zaburar da su. Gaskiya ne, shi ya kai su bakin aiki, kuma ba wanda zai raina hatsi a shekarar yunwa. Amma hatsi bai jera dutse ba. Abin da ya jera shi sa'a ce tsayayya ta fita, da awon aikin yini, da komawa gobe ko jiki na so ko ba ya so. Da waɗannan mata sun jira sai ranar da ransu ya yi musu daɗi, da har yau tsaunukan a tsirara suke.

Manomin albasa a fadamar Tarka, kusa da Madawa, ya san wannan ba tare da an kira masa taro ba. Dashe in ya rasa ban ruwa a kan kari, ba ya jin uzuri. Bayan an cire albasa kuma ga wani horon, na zuba ta a rudu a jira farashi ya ɗaga alhali aljihu na kuka, ko da yake sau da yawa bashi ne ke tilasta wa talaka sayarwa da wuri, ba rashin haƙuri ba.

A nan ya kamata a yi adalci. Horon kai ba bulala ba ne, kuma ba a neman sa wurin yaron da ya zo aji da yunwa, ko wanda su biyar ke raba littafi guda. Mai ɗora wa irin wannan yaro laifin lalaci ya fi mai lasifika zalunci. Amma dai taron zaburarwa bai taɓa sayen littafi ba, kuma sha'awar da yake kunnawa ba ta kai mako. Yaro ya koma gida yana son zama likita, ba wanda ya nuna masa yadda ake raba dare tsakanin lissafi da Faransanci, ko yadda ake sake aikin da aka faɗi har sai ya zauna.

Kuɗin hayar kujeru da lasifika na yini ɗaya, da ƙungiyoyi za su juya shi, zai iya sayen fitila mai aiki da hasken rana, a buɗe aji guda bayan sallar isha'i, daga Oktoba zuwa Yuni, malamai na karɓa-karɓa, da rajistar masu zuwa. Ba za a samu hoton da za a watsa a WhatsApp ba, kuma ba mamaki a mako na uku rabin kujerun su zama wayam. Malamin da ke da juyi a daren nan sai ya buɗe ƙofa duk da haka, ya kira suna.