DUHUN RIJIYA BA SHI NE RUWA BA

Ya ku 'yan'uwa maza da mata na rassan Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai da sauran garuruwan kasuwa, ga wata gardama da ta kamata a zauna a warware ta, don ƙannenmu da ɗiyanmu ne ke kashe kuɗinsu da lokacinsu a kanta. Gardamar ita ce ta wasannin bidiyo waɗanda ake ɗauko labarinsu daga manyan littattafai na dā, a cika su da duhu da jini da mahaukata da gawawwaki, sa'an nan a ce wa jama'a ga fasaha mai zurfi.

Mutane sun kasu biyu. Kashi na farko suna cewa wasa wasa ne, abin yara, wanda duk ya mai da littafi wasa ya wulakanta shi. Kashi na biyu, watau 'yan talla da samarin da suka haɗiye tallar, suna cewa muddin jini ya yi yawa, to abin ya zama na manya, ya yi zurfi ke nan. Dukansu sun ɓata hanya, amma ɓatan na biyun ya fi muni. Kowane ɗan ƙauye ya san in ka leƙa rijiya ka ga duhu, ba ka tabbata da ruwa ba sai ka zura guga. Ƙafaffiyar rijiya ma duhu gare ta. To, bari mu zura guga.

ZANEN ARO

Mu fara da wasan da ake kira Dante's Inferno, wanda kamfanin Electronic Arts na Amurka ya fitar a 2010. An aro sunansa daga waƙar Dante, mawaƙin Italiya da ya rasu a 1321. A cikin waƙar, Dante mutum ne mai tsoro. Ya ɓace a daji, wani mawaƙin dā mai suna Virgil ya kama hannunsa ya zaga da shi hawa tara na gidan azaba. Ba ya yaƙi da kowa. Aikinsa shi ne ya tsaya, ya tambayi mutanen da ke cikin azaba ko su wane ne, ya saurari labarinsu. Da wata mace mai suna Francesca ta ba shi nata labarin, tausayi ya kama shi har ya faɗi sumamme. Ita kuwa Beatrice, matar da yake ƙauna, ita ce ta aiko a cece shi.

Me masu wasan suka yi da wannan? Suka tuɓe wa mawaƙin rigarsa, suka mai da shi ƙaton mayaƙi na yaƙin 'yan gicciye, ya ɗinke gicciye a fatar ƙirjinsa, ya ƙwace laujen Mutuwa yana sassare duk abin da ya gitta, har da jarirai masu wuƙaƙe a maimakon hannuwa. Beatrice mai ceto ta koma kamammiya tana jiran a zo a fisshe ta. Mutanen da Dante na littafi ke saurara, a wasa sai ka cafke su ka danna maɓalli: ko ka hukunta, ko ka yafe. Kowanne ka zaɓa akwai ladan maki da za ka ƙara ƙarfin makami da shi. Ku duba fa, jama'a! Yafiya ta zama hajar kasuwa.

Akwai abin da ya fi wannan. Wasan ya ɗora wa jaruminsa laifin kashe fursunoni a birnin Akka. Wannan ba ƙage ba ne ɗungum, don a 1191 sarki Richard na Ingila ya sa aka yanka fursunoni Musulmi wajen 2,700 a can. Ga abin da mai hankali zai iya gina labari mai nauyi a kansa. Amma su waɗanda aka yanka, ba mu ji sunansu ba, ba mu ji muryarsu ba. An kawo su ne kawai don jarumi ya sami abin yin nadama kafin ya ci gaba da sara. Kuma kafin wasan ya fito, a 2009, kamfanin ya yi hayar mutane suka tsaya da alluna a bakin wani babban taron baje kolin wasanni a Los Angeles, suna yi kamar su masu addini ne da suka fusata, don a yi ta surutu a saya. Daga baya kamfanin ya amsa cewa shi ya shirya. Wanda ke hayar masu zaginsa ya riga ya gaya maka abin da yake sayarwa. Zanen aro ba ya rufe katara.

DUHUN YANA CAN TUN ASALI

'Yan talla suna so mu yarda cewa su ne suka kawo duhu cikin littattafan da dā can tatsuniyoyin yara ne. Wannan ƙarya ce. Ku ɗauki labarin Pinocchio, ɗan tsanar katako, wanda Carlo Collodi ya fara bugawa kashi kashi a wata jaridar yara ta Italiya a 1881. A cikinsa akwai yunwa da talauci. Ɗan tsanar ya jefi gyaren da ke yi masa nasiha da guduma ya kashe shi. A inda marubucin ya so ya tsaya da farko, an rataye Pinocchio ne a reshen itace. Sai da masu karatu suka matsa sa'an nan aka ci gaba, littafin ya cika a 1883. Saboda haka wanda ya ƙara wa wannan labari jini bai ƙara masa kome ba.

Amma a 2023 wani kamfanin Koriya ta Kudu, Neowiz, ya fitar da Lies of P, ya yi abin da ya fi ƙarin jini. A birnin wasan, an ƙera 'yan tsana don su yi wa mutane bauta, an ɗaure su da doka, kuma cikin dokar ba su iya ƙarya. Jarumin shi kaɗai ke iyawa. Sai a kawo ka gaban mai baƙin ciki ko mai jiran mutuwa ya yi maka tambaya, kai za ka zaɓa: gaskiya mai ɗaci ko ƙaryar da za ta sanyaya masa rai. Kuma kowace ƙarya tana matsar da ɗan tsanar kusa da zama mutum. Littafin ya koya wa yaro cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Wasan ya juya tambayar ya miƙa wa babba: wanda aka hana shi ikon yin ƙarya, gaskiyarsa tana da lada? Ko ka yarda da amsarsu ko ba ka yarda ba, an yi gardama da littafin, kuma da hannunka aka yi ta. Guga ya taɓo ruwa.

WASAN DA YA TUHUMI MAI WASA

Wanda ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne Spec Ops: The Line, wanda kamfanin Yager na Jamus ya ƙera, ya fito a 2012. Tushensa littafin Joseph Conrad ne, Heart of Darkness, wanda aka buga a 1899. Conrad ya yi aikin jirgin ruwa a kogin Kwango a 1890, zamanin da sarki Leopold na Beljiyam ke riƙe da ƙasar kamar gonar gidansa. A littafin, ana aika wani matuƙi ya hau kogi ya nemo Kurtz, Baturen da ya tafi da sunan kai wayewa, ya ƙare yana tara hauren giwa da ƙarfin bindiga, da kawunan mutane soke a kan itatuwa kewaye da gidansa.

Wasan ya kai labarin Dubai, ya ce guguwar rairayi ta binne birnin. Kai ne Kaftin Walker, sojan Amurka, da abokan tafiya biyu. An aike ku leƙen asiri kurum, ku ga ko akwai masu rai ku dawo. Amma Walker ya ƙi tsayawa, ya ce sai ya nemo Kanal Konrad, sai ya ceci mutane. Kana harbi kana ci gaba kamar kowane wasan soja. Can tsakiya sai ka iske runduna ta tare hanya, ga igwa kusa da kai mai harba farar fosfor, wata irin wuta mai cin nama har ƙashi. Kana kallon allo daga sama, mutane sun zama fararen ɗigo, kana danna maɓalli. Da wuta ta lafa, wasan bai ba ka maki ba. Tilasta maka ya yi ka taka da ƙafa cikin abin da ka yi, a hankali, har ka iso wani rami inda talakawa 47 suka ƙone, cikinsu da uwa rungume da ɗiyarta. Daga baya kuma, da taimakon Walker aka hallaka ruwan shan da ya rage wa birnin. A ƙarshe sai ka tarar Konrad ya daɗe da mutuwa. Muryar da Walker ke ji yana ɗora mata laifi, daga cikin kansa take.

Masu suka sun ce ai ba a bar wa mai wasa wata hanya ba, in bai harba wutar ba wasan ba ya ci gaba, don me za a tuhume shi? Akwai gaskiya a nan, ba mu musu. Amma ku lura, wannan ita ce ainihin hujjar da Walker kansa ke kafawa: tilas ce ta sa. Ita ce kuma hujjar kowane kwamanda da ya taɓa ƙona gari. Littafi yana iya gaya maka cewa mutum ya yaudari kansa. Wasa ne kaɗai ke iya sa ka ji wannan hujja tana fitowa daga bakinka. Wannan shi ne amsarmu ga kashi na farko masu cewa wasa abin yara ne.

INA MUTANEN GARIN?

Duk da haka kada mu yi saurin tafi. A 1975 marubuci Chinua Achebe ya yi lacca a wata jami'a a Amherst ta Amurka, ya tuhumi littafin Conrad da cewa ya mai da Afirka da mutanenta dandali kawai, inda ake kallon yadda hankalin Bature guda ke rugujewa. Wasan ya gaji wannan aibi ɗungurungum. Mun san abin da ke damun Walker dare da rana. Mutanen Dubai fa? Taro ne mai kuka, ko taro mai fushi, ko tulin gawa. Ba a ba mu ko mutum ɗaya cikinsu da za mu zauna cikin fatarsa ba.

Mu a ƙasar nan ba ma bukatar a fassara mana wannan. A shekarar da aka buga littafin Conrad, 1899, rundunar Faransa ta Kaftin Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasarmu ta nufi tafkin Chadi. A watan Afrilu ta yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu ta auka wa Birnin Konni ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Kanal Klobb, da aka aiko ya tsai da su, sawun ƙonannun garuruwa ya biyo, Voulet ya sa aka harbe shi kusa da Dankori ran 14 ga Yuli. Cikin 'yan kwanaki sojojinsu suka kashe su biyun a wajen Maijirgi. Shekara da shekaru bayanin da ake bayarwa a Turai shi ne wai zafin rana da kaɗaici ne suka taɓa musu hankali. Kun ji? Labarin ya sake komawa kan kan Bature. Amma a Konni ba ciwon kan Voulet ake tunawa ba, kakanni ake tunawa. Jiki magayi.

Saboda haka hukuncinmu a kan Spec Ops shi ne: rijiya ce mai ruwa, amma rabin zurfinta aka haƙa. Ta tambayi mai bindiga, ba ta tambayi wanda aka harba ba. Kuma ku san halin kasuwa: wasan bai yi ciniki yadda masu shi suka so ba, a farkon 2024 kuma aka janye shi daga shagunan intanet saboda wa'adin wasu lasisi ya ƙare. Wasannin da ke yabon mai harbi kuwa suna fitowa kowace shekara.

GUGA UKU

To, 'yan'uwa, in yaro ya zo yana cika baki da wani wasa mai duhu wai daga babban littafi aka ɗauko shi, kada ku kore shi, kada kuma ku gyaɗa kai. Ku ba shi guga uku ya zura.

Na ɗaya: in an cire sunan littafin daga jikin wasan, me zai ragu? In ba abin da zai ragu sai talla, zanen aro ne.

Na biyu: in ka yi mugun abu a cikin wasan, me ke biyo baya? In maki ne da sabon makami, jinin nan fenti ne. In nauyi ne da ke bin ka har ƙarshe, to akwai magana.

Na uku: waɗanda ake kashewa, suna da suna? Suna da baki? Ko an tara su ne don jarumi ya sami abin kuka?

Dante's Inferno ya faɗi duka ukun. Lies of P da Spec Ops sun ci biyun farko. Na ukun kuwa har yanzu yana jiran mai cinsa, kuma ba mu ga dalilin da zai sa manyan kamfanoni su yi gaggawa ba, tun da yake mai saye ya fi son a ce masa shi ne jarumi. In da za a yi wasan 1899 yadda ya kamata, ba a bayan dokin Voulet za a zaunar da mai wasa ba. A cikin ganuwar Konni za a sa shi, da tsohuwa a hannun dama da yaro a hannun hagu, ya nemi ƙofar fita.

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wannan takarda a taro, su gayyato samarin da ke zama gidajen wasa, don su suka san wasannin nan fiye da mu. A kuma sa 'yan lakwal su nemi littattafan su karanta, don wanda bai san asalin zane ba, ba ya gane na aro. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.