Mai Rabon Faɗa Ba Ya Yi Wa Kansa Kirari

A ranar 10 ga watan Mayun 2025, bayan kwana huɗu ana ɓarin wuta tsakanin Indiya da Pakistan, Shugaban Amurka Donald Trump ya riga kowa shelar cewa an tsagaita wuta, kuma wai ƙasarsa ce ta shiga tsakani. Pakistan ta yi godiya, har ta gabatar da sunansa domin a ba shi lambar yabo ta Nobel. Ita kuwa Indiya cewa ta yi atafau hafsoshin sojan ƙasashen biyu ne suka daidaita ta waya, kuma ba za ta taɓa yarda da mai shiga tsakani ba.

Mu a nan ƙasar Hausa wannan gardama ba baƙuwa ba ce. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta ba sojoji wa'adin mako guda su mayar da Mohamed Bazoum, ko kuwa a yi amfani da ƙarfi. An rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar lantarki. Manoman albasa na Madawa da Galmi, da masu dabbobi na Babankatami da Buza da Keita a jihar Tawa, sun ji a jikinsu, domin da hanyar Konni zuwa Illela kasuwarsu ta dogara.

Allah cikin ikonsa ba a harba ko harsashi ɗaya ba. To amma har gobe in aka tayar da zancen a majalisa, kowa da gwaninsa. Wasu su ce Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ne, waɗanda suka je Yamai. Wasu su ce Muhammadu Sanusi na Biyu ne, wanda ya ga Janar Tchiani ranar 9 ga Agusta, a lokacin da ƙofa take rufe. Wasu su ambaci tawagar malamai a ƙarƙashin Sheikh Bala Lau, wasu kuma Majalisar Dattawan Nijeriya da ta ƙi amincewa da yaƙi, ko Janar Yakubu Gowon da ya yi roƙo 'yan kwanaki kafin a ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024.

A ganinmu dukkansu sun yi aiki, kuma maganarsu ta yi nauyi ne saboda talakawan ɓangarorin biyu sun ƙi yaƙin tun farko. Wa zai ɗaga bindiga a kan garin da surukansa suke?

Abin da muke jan hankali a kai shi ne illar neman suna. Babu shugaban da ke son a ce wani ne ya murɗe masa hannu ya ajiye makami. Idan mai sulhu ya hau mumbari yana cewa ni na yi, ya kunyata wanda ya saurare shi a gaban jama'arsa, kuma gobe ba zai buɗe masa ƙofa ba. Abin da ya faru da Indiya ke nan. Dama Hausawa sun ce yabon kai jahilci.

Mu kuwa muna da sauran buƙatar wannan ƙofa. Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a watan Janairun 2025, a watan Disamban 2024 kuma Tchiani ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa, zargin da Abuja ta musanta. Ke nan wutar ba ta gama mutuwa ba.

Don haka muna kira ga sarakuna da malamai da dattawan ƙasashen biyu da su ci gaba da kai da komo ba tare da ganga ba, magoya bayansu kuma su daina rabon lada. Manomin Babankatami ba ya tambayar wa ya yi sulhu, tambayarsa ita ce ko motar kaya za ta ƙetare iyaka ta dawo lafiya. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.